Na mayar da iyakar ɗora fayil 64M a php.ini, amma WordPress na nan a kan 2M

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shafin WordPress a kan sabar Ubuntu 22.04, da Nginx da PHP 8.1. Duk lokacin da zan ɗora karatun sauti sai ya ce fayil ɗin ya wuce 2M. Na buɗe php.ini na mayar da upload_max_filesize zuwa 64M, na sake kunna Nginx har sau uku, amma shiru kake ji. Abin da ya ɗaure min kai, idan na buga php -i sai ya nuna 64M. Ina gizo ke saƙar?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Gyaran da ka yi daidai ne, sai dai a gidan maƙwabci ka yi shi.

Leƙa cikin /etc/php/8.1/ za ka tarar da folda mai suna cli (ta PHP ɗin da ake kira da umarni a tamina) da wata mai suna fpm, wani lokaci har da apache2, kowacce da nata php.ini. Umarnin php -i na cli yake karantawa, shi ya sa ya faranta maka rai da 64M. Shafinka kuwa ba ruwansa da wannan. Nginx ba ya gudanar da PHP da kansa, miƙa wa wata manhaja daban mai suna PHP-FPM aikin yake yi, shi kuma FPM nasa fayil yake bi: /etc/php/8.1/fpm/php.ini.

Kada ka tsaya a kan maganata, tambayi sabar da kanta. Ka ƙirƙiri ƙaramin fayil, info.php, a inda shafin yake, ka rubuta <?php phpinfo(); a ciki, ka buɗe shi ta burauza. Layin Loaded Configuration File zai gaya maka ainihin fayil ɗin da ake karantawa. Da ka gama ka goge shi nan take, don yana tona asirin sabarka ga duk wanda ya san adireshin.

Bayan ka gyara na fpm, wanda za ka sake kunnawa shi ne FPM ɗin: sudo systemctl restart php8.1-fpm. Ko sau ɗari ka sake kunna Nginx, FPM bai san ana yi ba.

Akwai sauran rina a kaba. Saitin post_max_size, wato iyakar duk abin da ake turawa a lokaci ɗaya, yana zuwa a kan 8M, kuma WordPress ƙarami tsakaninsa da upload_max_filesize yake ɗauka, don haka za ka ga iyakar ta tashi daga 2M ta maƙale a 8M. Ka ɗaga shi ya ɗan ɗara na farko, misali 70M. Shi ma Nginx yana da tasa ƙofar, client_max_body_size, wadda asalinta megabait 1 ce kacal. Idan ba ka faɗaɗa ta ba zai kore ka da kuskuren 413 tun kafin fayil ɗin ya isa wurin PHP. A nan ne sake kunna Nginx yake da amfani.

Ka kuma kula da yadda ka rubuta adadin. 64M ake rubutawa, ba 64MB ba. PHP 8.1 harafin ƙarshe yake dubawa, K ko M ko G. Idan ya ga B sai ya ɗauki abin a matsayin bait 64, ko hoton fasfo ba zai shiga ba. Na taɓa raba dare a kan wannan harafi ɗaya a sabar wata makaranta, har na fara zargin kamfanin da ke ba su masauki, alhali laifin yatsana ne.

Idan duk ka yi wannan phpinfo bai sauya ba, to wani ne yake danne saitinka daga baya. Fayilolin da ke cikin fpm/conf.d bayan php.ini ake karanta su, kuma na ƙarshe shi ke da iko. Haka duk layin php_admin_value da ke cikin pool.d/www.conf ya fi ƙarfin php.ini. Wannan umarni zai zaƙulo maka su gaba ɗaya: grep -r upload_max_filesize /etc/php/8.1/fpm/

Shawarar da wasu ke bayarwa ta saka ini_set a cikin wp-config.php kuwa, kada ka ɓata lokacinka. Kafin lambarka ta fara aiki PHP ya riga ya karɓi fayil ɗin ko ya ƙi shi.