Ƙulli ne ko riƙo? Amsa ga wata ɗaliba daga Yamai

Wata ɗaliba a jami'ar Abdou Moumouni ta turo min saƙo, ta ce Malam ana koya mana amino asid da faransanci, ina so in bayyana wa ƙanwata da Hausa yadda rassansu ke kama juna ta hanyar haidirojin, in ce ƙulli ko yaya, kuma akwai karin maganar da ta dace?

Ƴata, ki bar ƙulli tukuna. Ƙulli shi ne wanda tsohuwa ke yi wa kuɗinta a bakin zane, sai da farce, wani lokaci har da haƙori kafin ya kwance. Wannan ya dace da haɗin da ke jera amino asid, wato ƙananan tubalan nan iri 20 da ake gina furotin da su, su zama sarƙar furotin. Amma na rassa, wato ɓangarorin da ke fitowa daga gefen kowane amino asid, ni riƙo nake ce masa, riƙon haidirojin, don Bahaushe in ya ce riƙo ya san akwai saki a gaba, kuma sai da mai miƙo hannu da mai kamawa. To haka abin yake, a cikin amino asid ɗin lizin da arjinin su ke miƙo haidirojin, asfatet da gulutamet su kama da oksijin ɗinsu, serin da tirozin kuwa kowanne suna yi, su miƙa su kama. Su lusin da balin ba ruwansu, gudun ruwa ma suke, su dunƙule can cikin furotin.

Wanda ya fi burge ni kimotiripsin, sinadarin da ke narkar da nama a hanjinmu, a jerin sarƙarsa asfatet na 102 ya riƙe histidin na 57, shi kuma ya riƙe serin na 195, su uku suke yanka furotin, ɗaya ya saki aiki ya lalace.

Karin magana kuwa, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Ma'anarta taron marasa ƙarfi na rinjayar ƙaƙƙarfa ɗaya. Riƙo guda bai kai kashi 1 cikin 10 na ƙarfin ƙulli ba, amma ɗaruruwa ne a furotin ɗaya. Ki kai ƙanwar taki wajen mai shayi ta ga ana soya ƙwai, farin da yake ruwa-ruwa zafi ya sa riƙon ya saki, sarƙoƙin suka warware suka cukurkuɗe ya daskare fari fat, alhali ƙullin yana nan bai tsinke ba.