Yadda Muke Neman Magani a Zangon Kumasi

Yaya, ka tambaye ni ko da gaske ne asibiti kyauta ne a Gana. Wanda ya ba ka labarin ya ɗan ƙara gishiri. Katin inshorar lafiya ne muke da shi, shi ma da iyakarsa.

Mu da muka tashi a unguwar Aboabo a nan Kumasi mun ga zamanin kash-an-kari, lokacin da likita ba ya taɓa mutum sai an ajiye kuɗi. A 2003, zamanin Shugaba Kufuor, aka yi dokar inshorar lafiya, NHIS. Ana ciyar da ita da harajin kashi 2.5 cikin ɗari da aka ɗora wa kayan da muke saya, da wani abu da ake cirewa daga kuɗin fanshon ma'aikata. Mu 'yan kasuwa na shekara muke biya, yanzu ma ta waya ake sabuntawa. An ɗauke wa yara 'yan ƙasa da shekara 18 da tsofaffin da suka kai 70 wannan kuɗin, a 2008 kuma aka haɗa da masu juna biyu. A ganina wannan na ƙarshen ya fi komai canza zango, don matan da a da ba sa wuce hannun ungozoma yanzu ba sa fashin awo.

Kada ka ɗauka kowa asibiti yake nufa da zarar kai ya sara. Kemis ake fara zuwa, kamar dai a Kano. In abin ya ƙi, sai ƙaramin asibitin gwamnati ko na mishan, akwai kuma na Ahmadiyya a wasu garuruwa. Babban asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda kowa a nan ke kira Gee, sai ciwo ya yi tsanani. Wanzami na nan da ƙahonsa, maɗori bai rasa masu karaya ba, rubutun malam kuwa har gadon asibiti yake bin mara lafiya a gora. Ita kanta gwamnati ba ta raina saiwa da sassaƙe ba, tun 1975 take da cibiyar binciken maganin gargajiya a Mampong.

Katin yana ɗaukar zazzaɓi da haihuwa da hawan jini. Amma sau da yawa za a rubuta maka magani a ce ya ƙare, ka je waje ka saya, asibitocin kuma su ce ba a biya su kuɗinsu a kan lokaci ba. Manyan cututtuka irin su yawancin ciwon daji ba sa ciki. To nan ne zango ke tashi tsaye: a yi sanarwa a masallaci bayan Juma'a, mata su fasa adashi, 'yan'uwa na Jamus da Amurka su turo ta waya. Bara da za a yi wa maƙwabcinmu aiki, Juma'a uku kwano yana zagayawa kafin kuɗin su cika.