Tambayoyinku: Atisaye ne ko shirin mamaya?

Tambaya: Assalamu alaikum. A majalisarmu ta teburin mai shayi a Unguwar Rogo mun daɗe muna musu. Idan babbar ƙasa ta jibge sojoji a iyakar ƙaramar maƙwabciyarta, ta ce atisaye take yi, kamar yadda Rasha ta faɗa kafin ta afka wa Yukren, yaya ake gane barazana ce kawai ko da gaske take?
Daga wani mai karatu a Jos

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ku bar ƙidayar sojoji, ku duba kayan da ke biye da su. Soja ana iya lodinsa a jirgin ƙasa a kawo, a mayar, ba a yi asarar komai ba.

Jini ne babbar alama. Jinin da ake ƙara wa majinyaci ba ya wuce kwana 42 a firiji, daga nan sai zubarwa, don haka ba a tara shi da yawa saboda wasan soja. A Janairun 2022 jami'an Amurka suka ce Rasha ta kai jini kusa da iyakar Yukren. A Fabrairu kuma hotunan tauraron ɗan'adam suka nuna gadar wucin gadi a kan kogin Pripyat a Belarus, maƙwabciyar Yukren ta arewa. Wannan kogin yana kan hanyar da ta gangara Kiev, babban birnin Yukren.

Ku kuma lura da abin da aka bari idan an ce an janye. A Afrilun 2021 Rasha ta mayar da sojoji bariki, amma ta bar tankoki da manyan bindigogi a sansanin Pogonovo, kusa da birnin Voronezh na Rasha da ke yankin iyaka da Yukren. Wanda ya bar kayansa, ai dawowa zai yi.

Shirin ma yakan kwaɓe. Bayan mamayar 24 ga Fabrairun 2022, ayarin motocin yaƙi mai tsawon kusan kilomita 60 ya maƙale a arewacin Kiev: mai ya yanke, abinci ya yi ƙaranci, laka ta hana sauka daga kwalta. Farkon Afrilu suka fice daga yankin.

Abin da ya fi damuna shi ne 'ya'yanmu da ke karatu a waje. Kamfanin jiragen sama na KLM ya daina zuwa Yukren tun 12 ga Fabrairu. Ranar 24 aka rufe sararin samaniyar Yukren, ɗaliban Najeriya suka koma neman iyakar Poland da Romaniya cikin tsananin sanyi, wasu a ƙafa. Da kun ji jirage sun fara janyewa, ku saya wa yaro tikiti a ranar, fasfonsa kuma ya kasance a aljihunsa.