Mayar da filashin aljihu, ba a kai ga fomatin ba tukuna

"Maigida, kwamfutar teburin nan da mai haɗa bidiyon biki ya kawo shekaranjiya ta gagare ni. Sauti ya zo ya ɗauke, in ya zo ma da ƙaraf-ƙaraf. In an jima ana aiki kuma sai allon ya yi shuɗi, ta mutu ta tashi da kanta. Na sa mata direban sauti, manhajar da ke tafiyar da sautin, har sau biyu, babu abin da ya canza. In yi mata fomatin kawai?"

A'a, yarona. Na san abin da ya sa hannunka ke ƙaiƙayi. Fomatin, wato share Windows a girka sabuwa, aikin awa ɗaya ne, ka karɓi kuɗinka, mai kaya ya tafi yana sa maka albarka. To in ciwon ba a jikin Windows yake ba fa? Kafin sati ya zagayo zai dawo maka da ita, manhajojinsa sun tafi, wataƙila har da bidiyon bikin mutane, shuɗin allon kuma yana nan daram. Abin da ya fi damuna da fomatin ma shi ne yana goge shaida. Duk lokacin da kwamfuta ta faɗi, takan rubuta abin da ya kayar da ita ta ajiye, kai kuma kana neman share rubutun tun ba ka karanta ba.

Ƙorafi biyu mutumin nan ya kawo maka, ka ɗaure su da igiya ɗaya. Sauti na ɗaukewa, wannan ɗaya. Tana mutuwa, wannan biyu. Suna iya zama ciwo guda, suna iya zama baƙi biyu da suka sauka gida ɗaya, don haka sai ka raba su kafin komai.

Fara da abin da ba ya cin kuɗi. Ɗauki abin kunnen da ka tabbatar lafiyarsa ƙalau, ka soka a koren ramin da ke bayan kwamfutar, ka bar na gaba. Na baya a jikin madabod, babban faifan da komai ke haɗe da shi a ciki, yake kai tsaye, na gaba kuwa waya ce ta jawo shi daga ciki, kuma shi ne ake yi wa sa-da-cire kullum har ya saki. In na baya ya fito tas na gaba na ƙara, ka bar direba ya huta, ka buɗe ka duba wayar da aka rubuta wa HD Audio ko ta zauna daidai. Sannan ka danna alamar lasifika ka ga inda Windows ke tura sautin. Sau da yawa, in an haɗa allo da wayar HDMI, sai ta mayar da sautin can, alhali allon ba shi da lasifika ko ɗaya. Na sha ganin yara sun kwana suna sauke direba a kan wannan.

Yanzu bari in gaya maka dalilin da ya sa direba ke iya kayar da kwamfuta gaba ɗaya, don in ka gane wannan sauran zai zo maka da sauƙi. Manhaja irin ta haɗa bidiyo a zaure take zaune. In ta rikice, Windows ta kore ta, gida na nan lafiya. Direba kuwa tafinta ne tsakanin Windows da ƙarfen da ke ciki, kuma a ƙuryar ɗaka yake, kusa da zuciyar Windows. In ya taɓa wurin da ba nasa ba a cikin RAM, ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki a ciki, ba a tsayawa yi masa faɗa, sai a tsayar da komai don kada ɓarnar ta kai ga fayilolin mutum. Shuɗin allon ke nan. Ka tuna 19 ga Yulin 2024, da sabuntawa ɗaya ta manhajar tsaro ta kamfanin CrowdStrike ta zo da matsala? Microsoft ta ƙiyasta na'urori miliyan 8.5 ne suka faɗi, jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka tsaya, duk don manhajar tana da direba a ƙuryar ɗakan nan. Sai dai ka riƙe wani abu: tun daga Windows Vista da ta fito a 2007, an fitar da yawancin aikin sarrafa sauti zuwa zaure, shi ne audiodg.exe da kake gani a Task Manager. Shi ya sa in na ji sauti da shuɗin allo tare, ba na saurin yanke wa direban sauti hukunci. Yana iya zama shi, amma sai na ga sunansa da idona.

Ga yadda za ka ga sunan. Shiga Startup and Recovery ka cire alamar Automatically restart, don ta tsaya a kan shuɗin maimakon ta tashi da kanta. In ta faɗi, ɗauki hoton allon da wayarka. Akwai sunan kuskuren da manyan baƙaƙe, wani lokaci da sunan fayil ɗin da ya jawo. Sannan ka leƙa C:\Windows\Minidump, nan take ajiye rubutun da na gaya maka, ka buɗe su da manhajar BlueScreenView. Kada ka karanta ɗaya ka tashi, jera su duka ka kwatanta. In kowane karo RTKVHD64.sys ne ke fitowa, tare da irin DRIVER_IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL, to wannan direban sauti ne na Realtek, ka kama bakin zare. In kuwa yau wannan suna gobe wancan, yau MEMORY_MANAGEMENT gobe ntoskrnl.exe, to direbobin nan ba duka suka haukace rana ɗaya ba, wurin da suke ajiye kayansu ne ke yoyo, wato RAM. In kuma babu shuɗi sam, ɗif kawai take yi kamar an zare waya, kuma babu komai a Minidump, sai ka koma kan wuta da zafi. A Event Viewer za ka ga Kernel-Power mai lamba 41 birjik, kada ya ruɗe ka. Abin da yake cewa kawai ba a kashe ta ta hanyar da ta dace ba, kuma a garin da NEPA ke ɗauke wuta ba sallama, kowace kwamfutar da ba ta da UPS cike take da shi.

Ka ce ka sa direba sau biyu. Daga ina? In daga tarin direbobin nan ne da kuke yawo da shi a filashi, mai cusa wa kwamfuta komai da komai a danna ɗaya, to ba ka gwada komai ba, ƙila ma ka ƙara mata wani ciwon. Ni na daina barin sa a shagon nan da daɗewa. Shiga Device Manager, ka danna dama a kan na'urar sautin, Properties, Details, Hardware Ids. Lambar da ke bayan VEN ita ce ke gaya maka wanda ya ƙera: 10EC Realtek ne, 14F1 Conexant, 111D IDT, 11D4 Analog Devices. In ka ga 10DE ko 1002, wannan sautin katin hoto ne na NVIDIA ko AMD mai bi ta HDMI, ba shi kake nema ba. In akwai alamar rawaya, karanta lambarta: 28 na nufin babu direba sam, 10 na nufin na'urar ta kasa tashi.

Gwajin da na fi so shi ne wannan. Zare intanet, ka yi wa na'urar sautin Uninstall a Device Manager, ka sa alama a akwatin da ke cewa a goge direban gaba ɗaya, ka kashe ka kunna. Windows za ta sa nata na gama-gari, za ka ga an rubuta High Definition Audio Device. Ba shi da ƙyale-ƙyale, amma ba ya cika rigima. Bar ta ta yini tana aikin da ke kayar da ita. In ba ta faɗi ba, ka gano mai laifi, sai ka je shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar ka sauke direban da ya dace da lambar samfurinta da irin Windows ɗin da ke kai. Ka kula da wannan sosai a kan tsofaffin kwamfutocin tokumbo, waɗanda aka yi su don Windows 7 aka ɗora musu 10 ko aka tura musu 11 da ƙarfi. Kuma ka tambayi mai ita yaushe abin ya fara. In ya ce bayan ta yi sabuntawa ne, danna Roll Back Driver kafin komai.

Ƙaraf-ƙaraf ɗin kuma, kashe duk abin da ke ƙarƙashin Enhancements, ka sa sautin a kan 16 bit, 48000 Hz. In bai daina ba, kunna LatencyMon, manhajar da ke nuna direban da ke jawo jinkiri, na minti goma. Sau tari za ka tarar ba direban sauti ba ne ma, na ɗan Wi-Fi ɗin da aka soka a USB ne ko na katin hoto ke riƙe furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar, har sautin ya rasa layi, an bar jaki ana dukan taiki. Amma in gurnani ne mai tsawo da ba ya yankewa, musamman in an tayar da janareta, wannan daga wutar ɗakin ne ko wayar lasifikar, kuma babu direban da zai warkar da shi.

In duk ka yi wannan tana faɗuwa, kawo alƙali daga waje. Tayar da ita da Linux, wani tsarin aiki daban da Windows, daga filashi ba tare da ka girka ba, ka kunna sauti ka bar ta. In can ma ta sandare, ka wanke Windows da direbobinta, ciwon a ƙarfe yake.

Lokacin da nake koyo, zamanin XP, na yi wa wani mai shagon buga takardu fomatin sau uku cikin wata ɗaya. Karo na huɗu maigidana, Allah Ya jiƙansa, bai ce min uffan ba. Ya buɗe ta, ya zare sandar RAM ɗaya cikin biyu, ya ce in je in kunna. Ba ta sake faɗuwa ba. Kuɗin fomatin ukun kuwa daga aljihuna aka mayar wa mutumin. To kai ma zare su, ka goge haƙoran da kilina, ka mayar ɗaya bayan ɗaya, kowace ka gwada ta da MemTest86 har ya gama zagaye huɗu. Kuskure ko ɗaya ya fito, sandar ta tashi daga aiki.

Tunda ka ce sai an jima ana aiki take mutuwa, kuma aikin haɗa bidiyo ne mai gasa furosesa, zafi ma na cikin waɗanda nake zargi. Ƙurar hunturu kan toshe fanka ta zama kamar bargo. Hure ta da bulowa, ka riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta juyi, ka canza man da ke kan furosesa in ya bushe. Dubi kafasitocin madabod ko akwai mai kumburin kai. Fawa-fak kuma, akwatin da ke ba kwamfutar wuta, sa mita: rawayar waya ta ba ka volt tsakanin 11.4 da 12.6, ja tsakanin 4.75 da 5.25. Ko ta ba da daidai tana zaune, tana iya zubewa in aiki ya yi nauyi, don haka musanya da wadda ka yarda da ita ya fi awo. Kada ka kuskura ka buɗe cikinta, tana riƙe wuta ko an zare ta daga soket.

In ya tabbata guntun sautin da ke madabod ne ya mutu, ba sai an sayi sabon madabod ba. Kashe shi a BIOS, saitin madabod da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka sa masa katin sauti na USB, wanda ga mai aikin bidiyo ma ya fi masa tsabta. Ka duba ɗan batirin madabod ɗin nan na CR2032 kuma, don in ya mutu saitin zai koma yadda yake da zarar an ɗauke wuta.

Yau dai kwashe masa bidiyonsa zuwa wani had-dis kafin ka taɓa komai. Ka ɗauki littafin nan na kan benci, abu ɗaya za ka riƙa canzawa a lokaci guda, ka gwada, ka rubuta. In mai ita ya kira, ce masa jibi, kuma kada ka yanka masa farashi tukuna. Gobe bayan Azahar ka zo min da hoton shuɗin allon da sunayen da ka gani a Minidump.