Sun ce za su saya, da aka zo biya sai kowa ya watse

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina digiri na biyu a nan Samaru, bincikena a kan inshorar amfanin gona ne. Na zaga ƙauyukan Giwa da takardar tambayoyi, kusan duk manomin da na tambaya ya ce zai saya. Da na koma da wakilin kamfani, 'yan ƙalilan ne suka fito da kuɗi. Lokacin miƙa aiki ya ƙarato, ko barci ba na iya yi. A ina na kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yata, kwantar da hankalinki, aikin bai lalace ba. Sai dai abin da kika yi jin ra'ayi ne, kika sa masa suna gwaji, kuma a kan wannan nake faɗa da ɗalibai kullum har na gaji. Kin sauka daga mota riƙe da takarda, mai unguwa yana tsaye a bayanki, kika ce wa dattijo, "Baba, za ka saya?" Me kike so ya ce? Kara ce za ta sa ya ce "in Allah ya yarda". Wani ma zato yake sunayen rabon taki ake ɗauka, ba ya so a tsallake shi. Faɗa da baki ba ta cin kuɗi. Sannan ga masu shagunan kwamfuta da ke ruɗin ku, wai a ƙara yawan takardu, su juya lissafi, komai zai daidaita. Ƙarya ce. Ko manomi dubu kika tambaya, kara dubu kika tara. Balle waɗanda ke zama a gindin mangwaro su cike takardun da hannunsu, waɗannan Allah ya shirye su.

Gwaji na gaskiya sai da ƙuri'a, wato a raba mutane rukuni-rukuni bisa sa'a ba da zaɓin kowa ba, da kuɗi a hannu. Dubi abin da masu bincike Casaburi da Willis suka wallafa a 2018 kan manoman rake a Kenya. Waɗanda aka ce su biya tun farko, kashi 5 cikin ɗari ne suka saya. Aka yi wa wasu rangwamen kashi 30, masu saye suka zama kashi 6 kacal. Waɗanda aka ce a cire kuɗin bayan girbi, kashi 72. Inshora ɗaya ce, lokacin biya kawai aka sauya, kuma ƙuri'a ce ta raba su, shi ya sa muka yarda da sakamakon.

To ke yaushe kika koma Giwa? In farkon damina ne, ai kuɗin mutum ya tafi ga taki da iri da 'yan ƙwadago. Ki raba mutanenki da ƙuri'a: wasu su biya yanzu, wasu da kaka. In kamfanin yana da takaful, wato inshora irin ta tsarin Musulunci, ki sa shi cikin gwajin, don akwai wanda shakkar halascin abin ce ta hana shi, ba zai faɗa miki ba. Ƙuri'ar kuma ƙauye-ƙauye za ki yi ta, ba gida-gida ba, don kafin a idar da isha'i majalisa ta san wa aka ɗaga wa biya sai kaka.

Wasan zaɓin kasada, na auna yadda mutum ke jure kasada da kuɗi, irin wanda masani Binswanger ya yi da manoman Indiya, in za ki sa shi, ki fara zama da liman ki yi masa bayani, kada a ce kin kawo caca gari. Takardunki na farko kuma kada ki zubar. Ki jera su da sunayen waɗanda suka biya, tazarar da ke tsakani ita ce babinki na huɗu.