Lemonade: Lemo Ne Ko Giya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce a birnin Leeds na ƙasar Ingila, wata takwas ke nan da zuwana. A wata walimar wurin aiki na ce a ba ni lemonade, ina zaton za a kawo mini ruwan lemun tsami da sukari kamar yadda nake gani a bidiyon Amurkawa, sai aka miƙo mini wani abu garau mai gas kamar Sprite. Wannan da sauƙi. Can kuma wata abokiyar aikina ta miƙo mini kofi ta ce shandy ne, wai rabinsa ma lemonade ne. Na kurɓa sau ɗaya, na ji ɗanɗanon bai yi mini ba, na ajiye. Tun ranar hankalina a tashe yake. A zaurenmu na WhatsApp wani ya ce duk lemonade na Turai akwai giya a ciki, wani kuma ya rantse cewa abin da aka rubuta wa lemonade ba ya taɓa zama giya. Maganar wa zan kama?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kada ki kama ta kowa, su biyun duk shaci-faɗi suka yi. Sai dai na biyun ya fi ɓata mini rai, domin na farko ƙishirwa kawai zai jawo miki, shi kuwa na biyun giya zai ɗura miki yana rantsuwa.

Abin da aka fara miƙo miki ba kuskure ba ne. A Ingila da Ireland da Ostireliya, idan aka ce lemonade ana nufin lemon kwalba mai gas, mai zaƙi, garau kamar ruwa, irin na R. White's ko Schweppes, kuma babu giya a cikinsa. A Amurka da Kanada kuwa ruwan lemun tsami ne da aka matse, aka zuba ruwa da sukari da ƙanƙara, babu gas, irin wanda yara ke kafa ɗan teburi a ƙofar gida suna sayarwa lokacin zafi. Idan shi kike so a Leeds, ki ce still lemonade. Kada ki ce cloudy, domin shi ma galibi da gas yake zuwa, launinsa ne kawai ya yi dishi-dishi. Bahaushe bai kamata wannan ya ba shi mamaki ba. Mu ma idan baƙo ya zo muka ce a kawo masa lemo, Coke ko Fanta ake kawowa, ba wanda ke tsammanin an tafi tsinko lemun zaƙi a gona.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Kusan kullum sai na haɗu da mai wannan tunani, cewa tunda ya san ma'anar kalma ɗaya a jikin kwalba, to ya san abin da ke ciki. Ya buɗe ƙamus ya ga lemonade, ya rufe, shi ke nan ya zama malami a WhatsApp. Alhali a Turanci, ƙaramar kalmar da ke gaban suna ita ke juya ma'anarsa kaf. Hard lemonade giya ce. Kalmar hard a nan ba tauri take nufi ba, ba kuma ƙarfin tsami ba, kishiyar soft ce da ke cikin soft drink, wato abin sha mai bugarwa. Mike's Hard Lemonade, wadda ta fito a Kanada a 1996 ta kuma cika shagunan Amurka, tana da giya kashi 5 cikin 100, daidai da giyar kwalba ta yau da kullum. A Ingila ma an yi wannan rigimar tun 1995 lokacin da Hooch, wata lemonade mai giya, ta fito, aka yi ta ƙorafin cewa zaƙinta da kwalliyar kwalbarta yara suke ja.

Kada kuma wani ya ce mini ai sai wanda Turancinsa bai nuna ba ne zai ruɗe. A 2008, a filin wasan ƙwallon besbol na birnin Detroit, wani farfesan jami'a, Ba'amurke da aka haifa cikin harshen, ya saya wa ɗansa mai shekara 7 irin wannan kwalba yana zaton lemo ne. Mai gadi ya hango, aka kira 'yan sanda, aka kai yaron asibiti, hukuma ta raba shi da iyayensa na 'yan kwanaki. Idan farfesa ya faɗa wannan rami, ina ga mai rantsuwar zaurenku da ko lakabin kwalbar bai taɓa juyawa ya karanta ba?

Shandy ɗin da kika kurɓa kuwa, ba zan ɓoye miki ba, haɗin giya ne da lemonade, galibi rabi da rabi. Abokiyar aikinki ba ƙarya ta yi ba, rabin zancen ta faɗa. A wurinsu abin sha ne mai sauƙi na wanda ba ya son ya bugu, shi ya sa ba ta ga abin ɓoyewa ba. Haka lager top, giya ce da aka ɗan tsiyaya wa lemonade a sama. Haka Pimm's, wata giya da ake sha da lemonade lokacin bazara, ga yankakken kokwamba da na'a-na'a a ciki kamar haɗin mai azumi. Akwai ma shandy na gwangwani mai giya ƙasa da rabin kashi ɗaya cikin 100 da ake jerawa tare da lemuka a kanti. Hukuncin wanda ya sha bisa rashin sani na malaman fiƙihu ne, ni malamin harshe ne, amma ki gaya musu yadda abin ya faru ba ƙari ba ragi.

Tunda kina Ingila, ga wani tarkon da ya fi wannan. Cider a Amurka ruwan tuffa ne da yara ke sha, sai an ce hard cider ya zama giya. A Ingila kuwa cider kai tsaye giya ce, ba a sa mata hard. Wanda ya koyi Turancinsa a bidiyon Amurkawa, kamar yadda kika ce kin yi, a nan ne zai yi tuntuɓe. Long Island iced tea ma giya ce, duk da tea ɗin da ke cikin sunan babu ganyen shayi ko ɗaya a ciki.

Abin yi ba shi da wuya. Ki daina tambayar suna, ki juya kwalba. A Ingila duk abin shan da giyarsa ta wuce kashi 1.2 cikin 100 dole ne a rubuta adadin a jiki, za ki ga lamba sannan "% vol" ko ABV. Wanda bai kai haka ba, ki duba jerin kayan haɗinsa ko akwai beer. Idan kuma a kofi aka miƙo miki, babu lakabin dubawa, kada ki tambaya ko lemonade ne, domin za a ce miki e da zuciya ɗaya. Ki ce: "Is there any alcohol in this?" Baturen Ingila ba ya jin haushin wannan tambaya, masu tuƙi da masu juna biyu kullum suna yin ta.