Hukuncin yawan buga gem ga baligi mai galahanga

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena shekararsa 28, yana da lalurar galahanga (autism). Kwana yake yana buga gem a waya, sai gab da assalatu barci ya ɗauke shi, Asuba ta wuce. Shagon ɗinkin da yake zuwa ma ya daina. Da Yayanmu ya ƙwace wayar, kwana biyu ya yi bai ci abinci ba, yana ta buga kansa da bango. Yana da zunubi? Mu kuma ya za mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya sauƙaƙa masa, Ya ba ku ladan ɗawainiya.

Asalin wasa halal ne matuƙar babu caca ko batsa a ciki. Idan ya kai ga tozarta sallah da cutar da jiki, wannan gwargwadon ya haramta, domin Allah Ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 103, sallah farilla ce mai ƙayyadadden lokaci a kan muminai.

Galahanga ba hauka ba ce, kada ku bari a kira shi da haka. Alƙalami yana hawa kan mutum ne gwargwadon hankalinsa. Wanda ya iya riƙe almakashi da keken ɗinki, ya san alwala da adadin raka'o'i, sallah ta hau kansa, zai rama abin da ya wuce shi. Abin da kuwa ya fi ƙarfinsa, Allah ba Ya ɗora wa rai sai abin da zai iya. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tun 2019 ta amince da sanya kamun gem cikin jerin cututtuka, idan mutum ya kasa tsayar da kansa har rayuwarsa ta taɓu, galibi tsawon wata 12.

Ƙwace wayar nan kuskure ne, ko da niyyar Yayanku kyakkyawa ce. Mai wannan lalura sauyin ba-zata yana gigita shi, kuma sau da yawa a gem ɗin yake samun natsuwa da abokan da hayaniyar unguwa ta hana shi. Hadisi ya ce babu cuta babu cutarwa, malamai kuma sun ce ba a gusar da cuta da wadda ta fi ta. Ku mayar masa. Ku zauna da shi ku rubuta jadawali a manna a bangon ɗakinsa: gem bayan La'asar da bayan Isha'i, ƙarfe goma sha ɗaya wayar ta tafi caji a ɗakin mahaifiyarku, a riƙa sanar da shi minti goma kafin lokaci. A rage a hankali, mako bayan mako. Buga kai da bango kuwa, wajibi ne ku kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, kada ku jinkirta.

Allah ne mafi sani.